Me ya sa jirgin da ya tashi daga baya yake riga na farko isa?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wasu abubuwa game da jadawalin jiragen ƙasa da manhajojin da ke tsara wa mutum tafiya waɗanda suka daɗe suna ɗaure mini kai, kuma ina fata a cikinmu akwai wanda ya san kan abin da zai warware mini su.

Na farko ya faru da ni ne a wata tafiya da na yi kwanan baya. Na isa tasha da wuri, na tarar da jirgi a tsaye, sunan garin da za ni yana rubuce a goshinsa, zai tashi ƙarfe 9:04. Da na duba manhajar da ke wayata sai na ga ko ambatonsa ba ta yi ba, na ƙarfe 9:20 kawai ta nuna mini. Na ɗauka kuskure ne, domin a hankalina wanda ya riga tashi shi zai riga isa, saboda haka na shiga na 9:04. Bayan mun yi tafiyar kamar minti 40 muka tsaya a wata ƙaramar tasha, babu mai hawa, babu mai sauka, muka zauna shiru wajen minti 8. Ina kusa da taga sai ga wani jirgi ya keto ta layin tsakiya kamar iska, har gilashin tagar ya girgiza. Wani dattijo da ke gefena ya dubi agogonsa ya ce na 9:20 ne ya wuce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da na koma kan jadawali na tarar wannan tsayuwa a rubuce take, wato ba latti muka yi ba, da gangan aka tsara mu tsaya a wuce mu.

Na biyu, akwai wata tasha inda nakan sauya jirgi. Wanda nake ciki yana isa saura minti 4 wani ya tashi zuwa inda nake so, kuma da idona na ga cewa tsakanin inda ake sauka da inda ake hawa bai fi taku 30 ba. Duk da haka manhaja ba ta taɓa ba ni wannan haɗin ba, kullum sai ta ce in jira na bayansa, wanda ke zuwa bayan kusan awa guda.

Na uku, na sha ganin jirage biyu a allon tasha masu tashi a minti ɗaya daga layi ɗaya, amma kowanne da garin da aka ce za shi. Ta yaya haka za ta yiwu? Ina roƙon wanda ya sani ya yi mini bayani dalla-dalla, domin na gaji da bin abin da ban fahimta ba.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi tambaya mai kyau, kuma a harkar jadawali ruwa ba ya tsami banza. Zan ɗauki ta farko da ta uku, domin su ne suka shafi aikin da na yi shekaru ina yi.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne jirgin ƙasa ba ya iya kaucewa. Mota tana iya ratsewa ta wuce ta gabanta, amma jirgi yana kan ƙarfe biyu ne, kuma ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta kama birki da sauri, har jirgi mai gudu yakan ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya cak. Saboda haka aka yanka layi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da sigina a bakinta, kuma a ƙa'ida jirgi ɗaya ne kawai yake shiga gunduwa ɗaya a lokaci guda. Idan ka sa mai tsayawa a kowace tasha a gaba, mai gudu a bayansa, ba za a daɗe ba na bayan zai riski na gaban, daga nan kuma sai ya riƙa cin karo da jar fitila yana rarrafe har ƙarshen tafiya. Mafita ita ce a sami tasha mai layin gefe, a ajiye mai jinkirin a can, mai gudun ya wuce ta tsakiya. Wannan shi ne minti 8 ɗin da ka zauna. Ba a wulaƙanta ku ba, an sayi saurin ɗaruruwan mutanen da ke cikin wancan jirgin ne da haƙurinku, ku kuma an ba ku tsayawa a ƙananan tashoshin da shi ba ya waiwaya.

Ko a Japan, inda ake buga misali da kiyaye lokaci, haka ake yi. A layin jirage masu tsananin gudu, wato Shinkansen, da ya haɗa Tokyo da Osaka, wanda aka buɗe a 1964, jirgin da ake kira Kodama yana tsayawa a kowace tasha, kuma a da yawa daga cikinsu yakan jira mai suna Nozomi ya wuce shi, alhali injinansu da taragunsu iri ɗaya ne. Bambancin yana wurin tsayawa ne kawai. Idan kuma layi ɗaya tilo ne jirage masu zuwa da masu dawowa suke bi, to lamarin ya fi tsanani, domin ba su da inda za su gifta juna sai a wuraren da aka ninka layin. Wanda ya fara isa dole ya jira ɗan'uwansa, ko da a tsakiyar daji ne, fasinja kuma yana leƙen taga bai ga dalilin komai ba.

Masu tsara jadawali ba da jerin lambobi suke farawa ba. Zane suke yi, tashoshi a jere ta gefe guda, lokaci ta ɗaya gefen, kowane jirgi kuma a ja masa zare a karkace. Mai gudu zarensa ya fi miƙewa, mai jinkiri nasa ya fi kwanciya, kuma ba a yarda zaren jirage biyu masu bin layi ɗaya su haɗu ba sai a inda akwai layin gefe. Duk wanda ya taɓa ganin wannan zane ba zai sake mamakin tsayuwar da ba ta da fasinja ba. Ka kuma sani cewa jadawalin da ke hannun ma'aikata ya fi wanda ake liƙa wa jama'a cika, domin a cikinsa akwai jiragen kaya, da taragun da ake mayarwa babu kowa a ciki, da 'yan mintocin da ake ɓoyewa kafin manyan tashoshi don jirgin da ya ɗan makara ya rama. A Birtaniya har rabin minti ake rubutawa a irin wannan jadawali na cikin gida.

Tambayarka ta uku kuwa, jirgi ɗaya ne a tashar farko, biyu a tashar ƙarshe. Ana ɗaura jirage biyu baki da baki su bi babban layi a matsayin guda, don kada su cinye gurbi biyu a jadawali, sai an kai mahaɗa a kwance su kowa ya kama gabansa. A Japan ɗin dai, jiragen Hayabusa da Komachi sukan bar Tokyo a ɗaure, a Morioka a raba su, Komachi ya nufi Akita, Hayabusa ya ci gaba zuwa arewa wajen Aomori. Ina jan kunnenka a nan: lambar tarago ta fi lambar jirgi muhimmanci. Na sha ganin mutum ya yi barci a taragon da ba nasa ba ya farka a garin da bai taɓa niyyar zuwa ba.

Injiniyar Manhaja ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka yi bayanin ɓangaren dogo yadda ya kamata. Ni zan taɓa ɓangaren kwamfuta, musamman tambayar Malam ta biyu.

Manhajar tsara tafiya ba ta ganin tasha, ba ta san taku 30 ba. Abin da take da shi jerin lokutan isa da tashi ne, da kuma wata lamba da hukumar jirage take ba kowace tasha, wato mafi ƙarancin mintocin da ake ganin mutum yana bukata don ya sauya jirgi a wurin. Idan an rubuta wa tasharka minti 5, kai kuma haɗinka minti 4 ne, to a wurin kwamfuta wannan haɗi babu shi sam. Ba a auna lambar da saurayi mai jaka ɗaya a kafaɗa ba. An auna ta ne da tsohuwa mai akwati biyu, da mai goyo, da wanda zai sauka a taragon ƙarshe ya hau gada ya sauko a layi mafi nisa. Sau da yawa lamba ɗaya ce ake ba tasha gaba ɗaya, shi ya sa haɗin da ke gefe da gefe yake faɗawa cikin hukuncin wanda ke can ƙarshen tasha. Akwai kuma batun alhaki, domin haɗin da hukuma ta sayar maka da tikitinsa ta ɗauki nauyinsa ke nan, idan ka rasa shi saboda lattin jirginta ita za ta san yadda za ta kai ka.

Dalilin da ya sa ba ta nuna maka jirgin 9:04 ba kuma yana cikin yadda ake lissafin. Tushen wannan fanni hanya ce ta gano gajeriyar tafiya tsakanin wurare, wadda masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa a 1959, ko da yake manhajojin yau sun ƙara mata dabaru masu yawa. Ka'idar da galibinsu ke bi ita ce, idan tafiya ta tashi da wuri amma ta isa a makare, ga kuma wata da ta tashi daga baya ta riga ta isa ba tare da ƙarin sauyi ba, to ta farkon ba ta da abin da ta fi ta biyun da shi, sai a ɓoye ta. Jirginka yana nan cikin bayanai, an tace shi ne kawai. Idan kana son ganinsa, ka sa ɗaya daga cikin ƙananan tashoshin da yake tsayawa a matsayin wurin da za ka bi, ko ka zaɓi a nuna maka jiragen da ba na gudu ba.

Bari in ƙara wani abu da ba ka tambaya ba, amma yana kayar da mutane da yawa. Jirgin da zai tashi ƙarfe 00:20 na ranar Asabar, ranar Juma'a da dare za ka je tasha. Ma'aikata kuwa sukan lissafa shi cikin aikin ranar Juma'a, har a tsarin bayanan da ake kira GTFS, wanda manhajoji da yawa ke karantawa, an yarda a rubuta lokacin da ya zarce awa 24, kamar 24:20 ko 25:10, don a nuna cewa jirgin na jiya ne bai gama aikinsa ba. Idan aka yi sakaci wajen juya wannan zuwa kwanan wata, sai ka ga jirgi ya ɓace daga daren da yake tafiya ya ɓullo a wanda ba ya tafiya. Haka nan a yawancin ƙasashen Turai ana sauya jadawalin shekara ne a tsakiyar watan Disamba, saboda haka wanda ya nemi tafiyar ƙarshen Disamba tun watan Satumba yana iya ganin kamar babu jirage, alhali ba a gama shigar da sababbin bayanai ba ne.

Abokin Tafiya ya amsa:

Na ƙaru da bayanan Baba da na Malama, sai dai ban yarda cewa kowane abin mamaki a jadawali yana da hikimar da za ta gamsar da fasinja ba. Wasu gadon tarihi ne kawai da aka kasa saukewa.

Ku dubi birnin Faris. Wanda ya zo daga Landan a jirgi yana sauka a tashar Gare du Nord, idan kuma zai wuce kudu zuwa Marseille, galibi sai ya ɗauki kayansa ya ratsa gari zuwa tashar Gare de Lyon. Babu wani injiniya da zai zana haka a yau. Kamfanoni daban-daban ne suka gina layukan a ƙarni na 19, kowanne ya kafa tasharsa a bakin gari ya tsaya. Haka batun faɗin layi yake. Yawancin Turai da Sin da Amurka suna kan milimita 1,435, Rasha da maƙwabtanta da dama suna kan 1,520, tsofaffin layukan Sifaniya kuma 1,668. Shi ya sa a garin Erenhot, kan iyakar Sin da Mongoliya, ake ɗaga taragu sama a sauya musu ƙafafu, jadawali ya nuna tsayuwar awoyi, wanda bai sani ba ya zaci duk binciken fasfo ne.

Lokacin kansa ma jirgin ƙasa ne ya daidaita shi. Kafin zuwan dogo kowane gari da agogonsa gwargwadon tsayuwar rana, har Bristol tana bayan Landan da kimanin minti 10. Kamfanin Great Western ya ɗora tashoshinsa kan lokacin Landan a 1840, kamfanonin Amurka kuma suka raba ƙasar shiyya-shiyya a ranar 18 ga Nuwamba, 1883. A Rasha, har zuwa watan Agusta na 2018, da lokacin Mosko ake rubuta jadawalin jiragen nesa, ta yadda mutumin Vladivostok, wanda ke gaban Mosko da awa 7, zai ga tikitinsa ya ce tsakar rana alhali a garinsu magariba ta yi. A Turai kuma, a daren Lahadin ƙarshe na Oktoba da ake mayar da agogo baya da awa guda, jiragen dare sukan tsaya a wata tasha su jira awar ta cika, don kada su riga jadawali.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne abin da ake yi a Birtaniya, inda rufe layi ko tasha yake bukatar doguwar hanya ta doka. Maimakon a bi ta, sai a bar jirgi ƙwaya ɗaya yana bi don a ce layin yana aiki. Tsakanin Stockport da Stalybridge an shafe shekaru jirgin fasinja sau ɗaya yake bi a mako. Wa wannan ya amfana?

Cewa ana iya yin abin da ya fi haka, Suwizalan ta nuna. Tun 1982 jiragensu suke tashi a minti iri ɗaya kowace awa, sannan suka tsara manyan tashoshi ta yadda jirage za su shigo gab da cikar awa ko rabinta, su fita jim kaɗan bayanta. Sabon layin da suka buɗe a 2004 ya mayar da tafiyar Zurich zuwa Bern ƙasa da awa guda, kuma manufarsa ke nan, jirgi ya isa daidai lokacin da sauran suke taruwa. A can jadawali aka fara zanawa, sannan aka gina dogon da zai ɗauke shi.

Mai Neman Sani ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gane cewa a tafiyar tawa sauri ne ya haifi nawa. Amma Baba, akwai abin da ya rage mini. Sau ɗaya na gwada haɗin nan na minti 4 da kaina. Jirginmu ya makara da minti 3, na sauko da gudu, ina isa ƙofa tana rufewa, ma'aikacin da ke tsaye yana kallona, ni da wasu mutum biyar, jirgi ya ja ya bar mu. Me zai rage su da shi in sun jira mu minti ɗaya tak?

Tsohon Ma'aikacin Reluwe ya amsa:

Ɗana, na san zafin abin, domin na tsaya a matsayin wancan ma'aikaci, kuma ba a son ran mutum ake ɗaga hannu a sallami jirgi ana ganin masu gudu. Sai dai shi ba shi da ikon riƙe jirgi, umarnin yana zuwa ne daga ɗakin da ake lura da layin gaba ɗaya, su kuma abin da suke gani ya wuce tasha ɗaya.

Akwai wata safiya da aka ba mu izinin riƙe jirgi minti 3 saboda wani da ya makara ɗauke da fasinjoji masu yawa. Da ya tashi, gurbinsa a mahaɗar da ke gaba ya riga ya wuce, wani dogon jirgin kaya ya shiga gabansa, minti 3 suka zama 9. Bayan mahaɗar layi ɗaya ne, saboda haka mai tahowa daga ɗaya ɓangaren ya tsaya a wurin giftawa yana jiransa, shi ma ya kwashi nasa lattin ya kai babbar tasha, inda mutanen cikinsa suka rasa jiragen da za su sauya. Direban da ya kamata ya sauka ya karɓi wani jirgin bai iso a kan kari ba, wancan ma ya tashi a makare. Sai bayan azahar layin ya koma daidai. Shi ya sa ake da ka'ida a rubuce ta wane jirgi zai jira wane, da iyakar mintocin da zai jira. Inda jirage suke bin juna a kai a kai ba a cika jira ba, tunda wani yana tafe. Inda aka fi sassautawa shi ne jirgin ƙarshe na dare, da ƙananan layukan da in mutum ya rasa jirgi sai ya yi awoyi a zaune.

Game da abin da Abokin Tafiya ya faɗa, na yarda da shi a kan Suwizalan, amma a lura cewa tsarin nasu ma yana da abin da yake ci. Idan jirage duka za su taru a tasha a lokaci guda, dole tashar ta sami layuka masu yawa da za su zauna kusan babu kowa a sauran mintocin awar, kuma jirgin da zai iya isa cikin minti 50 wani lokaci sai an ja masa tafiyar ko an zaunar da shi don ya dace da taron. Idan za ka sake gwada haɗin naka, ka zauna a taragon da zai tsaya kusa da inda za ka hau, kuma ka gaya wa mai duba tikiti tun kuna hanya, domin shi yana iya sanar da ɗakin lura cewa akwai masu sauyawa, su kuma su duba ko gurbin da ke gaba zai ɗauki jiran.